Ki Riƙe Madubin Har Mushtari Ta Ɓuya

Malbaza, ƙarshen bazara.

Zuwa ga Yayata Raihanatu, a Agadas.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda ƙanwa ke yi wa yayarta, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da Malam Almoustapha da yaran gida duka. Allah ya ƙara masa sauƙin gwiwar nan da ke damunsa, ya raya muku zuri'a, ya sanyaya muku zafin bana. Mu nan lafiya lau, sai jiran ruwa. Hadari yana haɗuwa ta gabas da la'asar, ya yi ta ruri, sannan ya watse ya bar mu da gumi. Na je gida Illela kwanan baya, na tarar Baba ya daina tarin, har yana fita gyaran gona da kansa, Iya kuma tana nan da faɗanta a kan awaki. Sun ce in gaishe ki, kuma Iya ta ce ba ta manta da dabinon da kika yi mata alkawari ba.

Yaya, kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun Takama direban motar siminti maimakon ki ji muryata a waya. Ba ni da waya tun kafin azumi, kuma za ki ji dalili. Labari ya zo mini cewa Tsahara, yayar maigidana, ta kira ki tana kuka, tana roƙon ki aiko da madubin duba taurarin nan da ke cikin akwatin Malam, wanda masu yawon buɗe ido suka bar masa lokacin da yake kai su sahara. Na kuma ji kin ce mata to. Na san zuciyarki, kuka kaɗan ke narkar da ita. Amma bakinta kawai kika ji. Yau ki ji nawa, kuma ki lura ban ce mata Yaya ba, ba kuwa mantawa na yi ba.

Kin san maigidan yana aiki ne ƙarƙashin wani mai awon filaye da hanyoyi. Suna da wata na'ura mai ƙafa uku da ido ɗaya, da ita suke hango sanda daga nesa su gane tsawo da gangaren ƙasa. A lokacin sanyi ubangidansa ya bar masa ita ta kwana gidanmu. Da aka idar da sallar magariba, ina kwashe tuwo, sai ya kira ni ya ce in zo in ga wani abu da aka taɓa faɗa musu a lakwal, wato makarantar boko, bai yarda ba. Ya kafa na'urar a tsakar gida, ya ɗaga idonta wajen wata babbar tauraruwa da ke fitowa ta gabas, wadda ba ta ƙyafta ido kamar sauran. Na rufe ido ɗaya na leƙa. Yaya, ba tauraruwa ba ce. Wani ɗan faifai ne fari tas, kewayayye, kuma a gefensa ga wasu ɗigo guda huɗu a jere kamar an ja musu zare, uku a hannun dama, ɗaya a hagu. Ya ce wannan duniya ce sukutum, malamai suna kiranta Mushtari, ta fi tamu girma nesa ba kusa ba, ɗigon nan kuwa watanninta ne, suna kewaya ta yadda namu ke kewaya mu. Tuwona ya huce a daren nan, ban ko damu ba.

Kin san halina tun muna ɗaki ɗaya, in abu ya shiga kaina ba ya fita. Na ajiye littattafan soyayyar da nake karantawa a waya, na koma neman labarin duniyoyin nan. Na gano ashe ba mu kaɗai ke bin rana ba, mu takwas ne. Zara da muke gani da yamma ita ma duniya ce, amma ba ta da wata ko guda. Mirrihu, jar nan, tana da biyu ƙanana masu kama da dankali. Zuhal tana sanye da zobe, watanninta kuma sun haura ɗari biyu. Ita Mushtari nata sun haura casa'in, sai dai manyan huɗun nan ne kawai ƙaramin madubi ke kamawa. Duk ranar da na'urar ta kwana gidanmu sai na leƙa, kuma kullum sai in tarar sun sauya wuri. Wata rana biyu nan biyu can, wata rana duk sun taru gefe guda. Ranar da na ga uku kawai hankalina ya tashi, sai maigidan ya ce ɗayan ya zagaya bayanta ne, zai fito. Ni kuwa sai na ce a raina ta goya shi ne. Daga ranar ban sake kallonta a matsayin duniya ba. Uwa nake gani da 'ya'yanta huɗu suna wasa a gindinta, in ɗaya ya gaji ta sa zane ta goya shi, in ya huta ta sauke. Nakan tsaya ina kallonta da ɗiyarki, wannan 'yar tawa ta fari, a bayana, ina jin numfashinta a wuyana. Abin da kunyar 'yar fari ba ta bari in faɗa a gaban mutane, a can sama nake faɗinsa.

Bakina ne ya fara jawo mini, a wani suna a Tsarnawa, gidan Inna surukata. Azumi ya matso, mata suna ta raha a kan ganin wata, wata ta ce ai mu da mutanen ƙetaren iyaka kamar kowa da watansa, wata shekara muna cin tuwon sallah su suna fama da ƙishirwa, alhali 'yar tafiyar kabu-kabu kawai ke raba mu. Aka yi dariya. Ni kuma daɗin hira ya kwashe ni, na ce to ina ga mutanen da ke da wata huɗu a sama, sallah nawa za su yi? Aka tambaye ni ina ne wannan, na kuwa zage na ba su labari tun daga kan Zara har zoben Zuhal, har da goyon. Wasu suka yi dariya, wasu suka kalli juna. Tsahara ba ta yi dariya ba. Ta tambaye ni a hankali, da murya mai daɗi, wai da wane lokaci nake ganin waɗannan abubuwa. Na ce da magariba. Ta ce da yarinyar a bayana? Na ce e. Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da ɓare goronta.

Ke kin san tun ranar sunan ɗiyarki, Tsahara take cewa yarinyar tata ce, don ita maza kawai Allah ya ba ta, tana son mace a ɗaki. Inna ce ta hana, ta ce a bari tukuna. To, lokacin yaye ya yi, maigidan kuma aiki ya kai su can bayan Tawa. Na kai yarinyar wurin Inna kamar yadda ake yi, da nufin in ta manta nono a dawo mini da ita. Ban san Tsahara ta riga ni ba. Ta zauna ta tsara wa Inna cewa matar ƙaninta ta samu taɓuwa, wai ina tsayawa a tsakar gida da magariba, lokacin da kowace mace mai hankali ke shige da ɗanta ɗaki, ina ɗaga kai ina magana da sama. Wai littattafan nan ne suka buɗe wa iska ƙofa. Wai in aka bar yarinyar a hannuna wata rana za a wayi gari na miƙa musu ita. Shaidunta kuwa duk matan da suka ji ni a wurin suna.

Ta zo gidana da wasu mata biyu da wani mai magani da ban san daga ina ta samo shi ba. Ta karɓe wayata. Ta jawo buhun littattafaina daga ƙarƙashin gado, waɗanda nake tarawa tun ina budurwa, har da waɗanda kika bar mini da za ki tafi, masu sunanki a bango. Da su aka hura wutar da aka dafa mini magani, Yaya. Ina zaune ina kallon takardun suna nannaɗewa. Sannan aka zuba garwashi a kasko, aka barbaɗa wasu saiwoyi da barkono, aka lulluɓe ni da bargo a kai. Matan nan suka danne gefen bargon. Mai maganin yana tambaya daga waje wai wata nawa ne a sama. Na ce a tamu duniyar ɗaya ne, amma a Mushtari, ban ƙarasa ba aka ƙara barkono. Ban san sau nawa aka tambaye ni ba. Na dai san a ƙarshe na ce ɗaya ne, ɗaya ne tak, babu wani, kuma na faɗa da ƙarfi har maƙwabta suka ji. Tsahara ta yi hamdala, ta ce an fara samun sauƙi, amma yarinya za ta zauna wurinta a Konni har a tabbatar.

Haka na yi azumin bana. A famfon unguwa in na ajiye bokitina sai a matsa, mata su janye 'ya'yansu. Aka sa mini suna Wata-Huɗu, har masu tallan ƙosai sun iya. Atamfar da na saya don sallar ɗiyarki tana nan a akwati ban kai wa tela ba. Abin da ba zan yafe ba kuwa ya faru ne ran kasuwar Konni. Na je sayen kayan miya, sai ga Tsahara a bakin rumfar atamfofinta da yarinyar a baya, an yi mata wani kitso mai jan kai da ban taɓa yi mata ba. Ta gan ni, Yaya. Ta zaro hannu daga cikin zane tana miƙo mini, tana wannan ɗan kukan nata mai kamar shaƙuwa. Tsahara ta juya mini ita gaba ɗaya don in gani da kyau, sannan ta ce wa maƙwabciyar rumfarta, da ƙarfi, wai a yi mini addu'a, jiki da sauƙi amma da saura. Idan na matsa na taɓa ta, a ce ga haukan ya motsa, ga kuma rashin kunya a kan 'yar fari. Sai na kau da kai kamar ban san ta ba, na wuce. A cikin motar komawa Malbaza na ciji mayafina har ya huje. A littattafan da aka ƙona mini, a irin wannan wurin yarinya takan faɗi sumammiya, wani mai mota ya tsaya ya cece ta. Ni babu wanda ya tsaya. A motar nan na yi alkawari cewa hayaƙin da na shaƙa sai Tsahara ta san ɗanɗanonsa.

Da maigidan ya dawo bayan sallah ya ji abin da aka yi, ya tafi Tsarnawa ya ce shi da kansa ya nuna mini watannin a na'ura. Tsahara ta ce ai kowane namiji yana rufa wa matarsa asiri, kuma in ba a yi hankali ba shi ma abin zai shafe shi. Kin san shi a gabanta, ita ta goya shi, in ta ɗaga murya sai ya koma ɗan yaye. Ya dawo yana ce mini in yi haƙuri, a bi a hankali. Na ce to. Na zama mai haƙuri irin wadda ba a taɓa gani ba. Na daina fita da magariba, na riƙa aika wa Inna fura, in an tambaye ni jiki in ce alhamdu lillahi na warke. Ina jira ne kawai. Sai ga shi rigima ta tashi a kan iyakar gonar Inna da ta maƙwabcinta, kowa yana cewa an ci masa kunya biyu, ga shuka ta matso. Ni na ce wa maigidan me zai hana ya roƙi ubangidansa aron na'urar, a auna gonar a gaban dangi kowa ya huta. Ya ce wallahi na kawo shawara. Bai gane inda na dosa ba sai da ya ga na ɗaura sabon zane na ce da ni za a je.

An gama awo da la'asar sakaliya, aka kafa duwatsu, maza suka watse. Dangi mata suka taru a gidan Inna, Tsahara ma ta zo daga Konni da ɗiyarki. Na'urar tana tsaye a tsakar gida an rufe ta da buhu. Da aka idar da magariba na je na durƙusa gaban Inna, na ce ina roƙon alfarma ɗaya, in ta leƙa ba ta ga komai ba, na yarda a sake lulluɓe ni da bargo, kuma ba zan ƙara tambayar yarinyar ba har abada. Inna ta dube ni ta dubi ɗanta, ta ce ya buɗe. Yanzu Mushtari ta koma yamma, tana saman bishiyar bedin ƙofar gida. Ya saita, ya leƙa, sai na ga ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago bai kalle ni ba. Na leƙa da kaina. Uku ne, Yaya. Duk tsawon watannin nan da na yi ina shirya wannan yammaci, ban taɓa kawo wa raina cewa ranar za ta faɗo a kan goyo ba.

Inna ta leƙa da ƙyar, idonta ya yi rauni, ta ce tana ganin wani abu kamar ƙwai da 'yan tsaba a gefe. Tsahara ta ture ta leƙa, ta ƙirga da ƙarfi, ta kwashe da dariya. Ta ce datti ne a jikin gilashi, kuma ko dattin ma bai cika huɗun ba, wai ko ƙaryar ba ta iya cikawa. Inna ta tambaye ni ina na huɗun. Na san amsar da zan bayar ita ce dai wadda ta kai ni ƙarƙashin bargo, amma ba ni da wata. Na ce ta goya shi ne, zai sauko. Tsahara ta tafa hannu ta ce jama'a sun ji, ciwo ya dawo sabo, a nemo kasko. Sai Inna ta ce a dakata. Ta ce ita ta yi goyo tara, kuma ba ta taɓa ganin uwar da ta goya ɗa ta ƙi sauke shi ba, saboda haka a kawo tuwo a ci, a ba baiwar Allah lokaci. Ta kuma ce tun da Tsahara ce mai ido, ita za ta tsaya a kan na'urar ta yi gadi, kada a ce wani ya ɗiga wani abu a gilashin.

Ban iya cin tuwon ba. Ina zaune a bakin tabarma, ɗiyarki tana barci a kan cinyar wata gwaggo, taku kaɗan tsakaninmu, ban isa in taɓa ta ba. Tsahara tana tsaye ta manne ido tana ta surutu, wai abin ma gudu yake yi, don tauraruwar takan sulale daga idon na'urar sai maigidan ya sake juyo ta. Ana cikin haka, ladan bai kai ga kiran isha'i ba, sai surutun ya yanke. Na ɗaga kai na ga ta ƙanƙame ƙafar na'urar. Can sai ta saki salati da wata murya da ban san tana da ita ba. Wai a wurin da babu komai, baƙi ƙirin, tana kallo wani ɗigo ya fara fitowa kamar ana hura garwashi, har ya cika ya yi haske ya tsaya kusa da uwar. Ta ja da baya ta zauna a ƙasa daɓas, ɗankwalinta ya zame. Mata suka yi layi suna leƙawa, kowa ta ƙirga huɗu. Inna ba ta sake leƙawa ba. Ta tashi ta ɗauki yarinyar, ta ce in sunkuya, ta ɗora mini ita, ta kwance mayafinta ta ɗaure mana da hannunta. Ta ce in a sama ma ba a raba su ba, ita ba za ta raba a gidanta ba. Yaya, nauyin nan da ya sauka a bayana, ban san yadda zan rubuta miki shi ba.

Da a littafi ne, nan za a ce Tsahara ta rungume ni tana neman gafara. Ba ta nema ba, har yau. Wayata ma cewa ta yi ta faɗa randa. Amma Allah ya ba ta baki, kuma bakin ne ya kama ta. Abin da ta gani ya shige ta yadda ya shige ni, ta kasa riƙewa. Ta ba da labari a rumfa, ta bayar a gidan biki, ta bayar a makarantar matan aure, wai da idonta ta ga tauraruwa ta sauke goyo. Na'urar kuwa washegari ta koma wurin mai ita, yanzu haka suna can wajen Gaya da maigidan a kan aikin hanya. Matan Tsarnawa da suka leƙa ba sa zuwa Konni, waɗanda aka tambaya kuma suka ce su dai sun ga wasu ɗigo, ba sa son a ja su cikin magana. Sai mutanen Konni suka haɗa lissafinsu. Suka ce ai dama wanda ya ƙona kayan mai iska ya tsaya a kan hayaƙin, kansa take komawa. Yanzu in ta ɗaga atamfa tana yabon zane, sai a ce mata wannan mai wata nawa ce. Sunan da ta sa aka raɗa mini ya tashi daga Malbaza ya hau mota ya sauka a ƙofar rumfarta, ban ko biya masa kuɗin mota ba.

Ɗanta Mas'udu yana neman aure a wani gidan 'yan kasuwa, an kusa sa rana. Da maganar ta kai kunnensu sai suka turo mata biyu dattijai har ɗakina, don an ce musu ni ce na san asalin abin. Na shimfiɗa musu tabarma, na dama musu fura, ɗiyarki tana wasa da ludayi a gefena. Suka yi ta kewaye-kewaye, sannan babbar ta tambaye ni tsakani da Allah, abin da Tsahara ke faɗa, akwai shi ko babu. Na sunkuyar da kai kamar mai jin nauyi. Na ce ni dai an yi mini magani, kuma ita Tsaharar ce ta kawo mai maganin, Allah ya saka mata. Na ce a ƙarƙashin bargo an koya mini cewa wata ɗaya ne, kuma duk unguwar nan sun ji na amsa. Na ce ba na son in koma cikin hayaƙi. Ban yi ƙarya ko ɗaya ba, Yaya, ki duba maganata da kyau. Suka kalli juna yadda matan suna suka kalli juna a kaina. Suka ce Allah ya ƙara lafiya, suka tafi. An ɗage sa ranar zuwa kaka.

Shi ya sa ta kira ki. Madubin Malam ne kaɗai ya rage mata, ta kafa shi a ƙofar rumfa ta tara mutane su gani. To ga roƙona, kuma ban taɓa roƙon ki abu da irin wannan zuciyar ba. Ban ce ki hana ta ba. Ki riƙe shi tukuna. Kullum da magariba ina duba Mushtari da ido, tana ƙara gangarowa wajen inda rana ke faɗuwa. In damina ta kankama za ta shige cikin hasken rana ta ɓace, babu madubin da zai kamo ta. To a lokacin ki ba Takama shi ya kawo mata, a naɗe cikin kyakkyawan zane, da gaisuwa. Ta kafa, ta tara jama'a, ta nemi uwa da 'ya'yanta ta rasa. In ta dawo kuma, ba da yamma za ta dawo ba, ta gabas za ta fito kafin asuba. Sai Tsahara ta riƙa bin gidaje da duhun sassafe tana buga ƙofofi, tana cewa a fito a ga tauraruwa mai goyo. Ina so in ji wanda zai ce mata lafiyarta ƙalau.

Na san abin da za ki ce. Za ki ce Mas'udu bai yi mini komai ba, kuma gaskiya ne, shi ya sa na lissafa da shi. Kafin a gama girbi Mushtari za ta yi sama sosai, kowa ya gani, a wanke uwarsa, a ɗaura aurensa a kaka lokacin da dama ake aure da hatsi a rumbu. Ni da kaina zan je in yi masa guɗa. Za ki ce kuma a ƙarshen kowane littafi yarinyar kirki takan yafe. Na sani, na karanta su fiye da ke. Amma littattafan da ke da wannan shafin Tsahara ta hura wuta da su. Azumi guda da sallah guda na yi bayana babu kowa. Damina guda kawai nake nema a kanta. Idan kika aiko da madubin nan kafin lokacin, ba zan yi fushi da ke ba, amma zan san a ranar kasuwar nan ni kaɗai ce, har yanzu kuma ni kaɗai ce.

Ki gaishe mini da Malam Almoustapha da kyau, ki ce masa in komai ya wuce ina so ya nuna mini zoben Zuhal, don har yanzu a hoto kawai na gan shi. Ki gaishe da Saude da Abdulrazak da autarki, ki ce ina nan tafe musu da ƙuli-ƙuli in hanya ta yi kyau. Ki gaishe da maƙwabciyarki mai cuku. Baba da Iya da Inna ta Tsarnawa duk suna gaishe ku. Amsarki ki ba Takama da baki, kalma ɗaya ta isa, kin riƙe ko kin aiko.

Ina rubuta wannan ne da yarinyar a bayana, ta yi barci, na kwance mata kitson nan na yi mata nawa. Tun da aka haife ta ban taɓa kiran sunanta ba, ko a gabanki. Yau zan rubuta, ki yafe mini rashin kunya. Mubaraka tana gaishe ki. Mubaraka tana wurina.

Taki ƙanwa har kullum,
Badi'a.